Yadda ake tafiyar mako guda a siririn jirgin ruwa a karkarar Ingila da Wales

Abu na farko da ma'aikacin kamfanin haya zai gaya maka shi ne jirgin nan ba shi da birki. Jikinsa ƙarfe ne, nauyinsa ya kai tan 15 ko fiye, tsawonsa ya zarce na doguwar motar fasinja, amma bayan bayanin da bai fi awa guda ba za a danƙa maka makulli a ce a sauka lafiya. Ba lasisi, ba jarrabawa. Abin da ya hana wannan zama ganganci shi ne gudun jirgin. Doka ta tsayar da shi a mil 4 cikin awa, wato kilomita 6 da ɗoriya, kuma a zahiri da wuya ka wuce mil 3. Tsohuwa mai yawo da karenta a gefen ruwa za ta gaishe ka, ta wuce ka, ta ɓace maka. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, gara ya riƙe kuɗinsa ya hau jirgin ƙasa.

Hanyoyin ruwan nan, waɗanda ake kira kanal, ba koguna ba ne. Mutane ne suka haƙa su da shebur da diga don jigilar kwal da tama da tukwane, kamar wadda aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta. A da doki ke jan jirgin da igiya, shi ya sa har yau akwai siririyar hanyar ƙasa a gefe guda na kowace kanal, hanyar doki. An gina da yawa daga cikin matakalan ruwan, wato ɗakunan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi inda ƙasa ke da tudu, da faɗin ƙafa 7 kacal, don haka jirgin ma faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawonsa kuma bai wuce ƙafa 72. Yau hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Zan yi bayanin ne a kan kanal ta Llangollen, wadda ta tashi daga Hurleston a gundumar Cheshire ta ratsa gonaki da makiyaya har cikin tsaunukan Wales. Tsawonta mil 46 ne, matakalanta 21. Abin da ka koya a kanta zai yi maka aiki a kowace.

Lissafin hanya tun kana gida

Kada ka auna tafiyar da idon direban mota. Masu jirgi suna da nasu lissafi: ka haɗa yawan mil da yawan matakala, ka raba da uku, abin da ya fita shi ne awannin da za ka yi. Daga Hurleston zuwa Llangollen, 46 da 21 sun ba da 67, ka raba uku ka sami awa 22 da 'yan mintuna. Zuwa kaɗai ke nan. Da dawowa ya zama awa 44, a kwana shida kuwa awa bakwai ne da wani abu kullum a tsaye a bayan jirgi. Yana yiwuwa, amma wannan aiki ne, ba hutu ba. Shawarata ka ɗauki jirgi daga tsakiyar hanya, wajen Whitchurch ko Ellesmere ko Chirk, ka tsara awa huɗu zuwa biyar a rana. Ka ƙara wani abu a lissafin zuwa, domin wannan kanal ta bambanta da sauran: ruwanta yana tafiya. Ana ɗebo shi daga kogin Dee a saman Llangollen ana tura shi zuwa madatsar Hurleston don ruwan sha, saboda haka mai hawa yana fama da ruwa, mai gangarowa ruwa na tura shi.

Kafin ka biya ko kwabo, ka duba shafin hukumar a intanet ka ga ko an rufe wani sashe. Manyan gyare-gyare daga Nuwamba zuwa Maris ake yin su, amma gaɓa na iya zabtarewa ko ƙyaure ya lalace a kowane lokaci. Watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun makaranta, su ne mafi tsada, mako guda yakan haura fam 1,000, ga kuma layi a bakin matakala. Mayu da Yuni da Satumba sun fi sauƙi ta kowace fuska.

Game da yawan mutane, biyu shi ne mafi ƙaranci, ɗaya a tuƙi ɗaya a ƙasa. Huɗu ya fi daɗi. In kamfani ya ce jirgi na kwanan mutum shida ne, ka fahimci cewa biyu daga cikinsu za su kwana ne a teburin cin abinci da ake lanƙwashewa ya zama gado. Ku huɗu, ku ɗauki na mutum shida.

Kayan tafiya

Jaka mai laushi, ba akwati ba, don babu inda za ka cusa akwati. Takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa ta kirki, safar hannu, tocila, hula. Babbar riga da duk wani abu mai jan ƙasa ko mai reto a ajiye su a ciki, domin akwai haƙoran ƙarfe masu maiƙo a kowace matakala kuma suna kama tufa. Nama na halal ka saye shi tun daga birni, shagunan ƙauyukan nan ƙanana ne, madara da burodi da ƙwai za ka samu. A Ellesmere akwai babban kanti daf da ruwa inda za ka ƙaro kayan miya. Firjin jirgin ƙarami ne, kilishi da dambun nama sun fi ɗanye amfani a nan. A jirgin akwai murhun gas, tukwane, kwanuka, zannuwan gado, da banɗaki mai shawa. Buta dai ka zo da taka.

Ranar karɓar jirgi

Yawanci da rana ake ba da jirgi, wajen ƙarfe biyu ko uku. Kada ka ji kunyar tambaya, kuma kada ka bari mutum ɗaya kawai ya saurari bayanin. Ka tabbata an nuna maka waɗannan da hannu: yadda ake tayar da inji da kashe shi, inda ake duba bakin mai da ruwan inji, inda ake rufe gas, na'urar da ke ƙara in hayaƙi mai guba ya taru a ciki, abin kashe gobara, da akwatin farfela. Ka ƙirga kayan aikinka: hannun murɗa matakala guda biyu aƙalla, wani ƙarfe ne mai siffar harafin L, sai turaku na ƙarfe, guduma, doguwar sanda, katakon sauka, igiyoyi uku, da makullin hukuma wanda ke buɗe famfunan ruwa da wasu gadoji. Ka nemi rigar hana nutsewa ga yara da duk wanda bai iya iyo ba. Ma'aikacin zai raka ka ɗan nisa, ka roƙe shi ya tsaya har ka juya jirgin sau ɗaya a gabansa.

Tuƙi

A bayan jirgi kake tsayawa, a fili, hannunka a kan sandar tuƙi. Ka tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama. Ka tura ta dama, ya nufi hagu. Kowa yana ruɗewa a rabin awar farko. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in nuna bakin sandar ga abin da nake gudu: in itace na gabana ta dama, sai in tura sandar wajen itacen.

Abu uku ne suka raba shi da mota. Na farko, jirgin a tsakiyarsa yake juyawa, kamar allurar agogon da aka kafe a tsakiya. In goshi ya yi dama, gindi zai yi hagu, kuma gindin shi ke bugun gaɓa. Na biyu, ba ya amsawa nan take. Ka tura sanda, ka ƙirga biyu ko uku, sannan ka ga ya fara karkata, kuma zai ci gaba da karkata bayan ka maido ta. Sabon shiga yana ganin bai amsa ba sai ya ƙara turawa, daga nan sai tafiyar maciji. Na uku, tuƙi yana aiki ne kawai in farfela na tura ruwa. In ka sa firi, jirgin yana tafiya amma ba ya jin maganarka. A ribas ma kusan haka ne, inda ya ga dama yake bi. Ribas ɗin shi ne birkinka, kuma yana bukatar tsawon jirgi guda ko biyu kafin ya tsayar da kai.

Ka bi tsakiyar ruwa, nan ne zurfi. In jirgi ya taho, kowa ya kauce damansa, saɓanin titin Ingila. In ka waiga ka ga igiyar ruwa tana fashewa a gaɓa, gudunka ya yi yawa. In za ka wuce jiragen da ke ɗaure, ka sauke totur zuwa mafi ƙanƙanta tun kafin ka iso, domin ruwan da kake ja yana fizge turakunsu yana kifar da shayinsu. Babu abin da ke jawo maka baƙin jini a kanal kamar wannan. Mutane da yawa a cikin jiragen nan suke zaune shekara da shekaru, gidansu ne kake girgizawa. Haka masu kamun kifi: ka rage gudu, ka tsaya a tsakiya, su za su ɗaga sandarsu a daƙiƙar ƙarshe.

A ƙarƙashin gada ruwan yana tsukewa har ya zama jirgi ɗaya kawai ke wucewa. Wanda ya fi kusa shi ke da hanya. Ka saita gefen jirginka da gefen hanyar doki, ka bar tazarar taƙi guda, ɗaya gefen zai kula da kansa. Kowace gada tana da lamba, kuma da lambar ake gane inda mutum yake, ko a taswira ko in ka buga wa kamfani waya ko 999, lambar agajin gaggawa. Bayan mahaɗar Frankton, inda wata kanal ta haɗu da wannan, lambobin suna sake farawa daga 1 da harafin W a jikinsu, kada ka ɗauka ka ɓata.

In ka kafe a taɓo, kuma za ka kafe, kada ka ƙara wuta gaba. Ka sa ribas a hankali, mutanenka su koma ɓangaren da ke kan ruwa mai zurfi, wani ya dogara sanda a ƙasa ya tura. Kada wani ya sa ƙafa ko hannu tsakanin jirgi da bango don hana karo. Jirgin ƙarfe ne, an yi shi don ya sha bugu.

Matakalar ruwa

Nan ne ainihin aikin, nan ne kuma haɗarin. Matakala ɗaki ne na bulo mai ƙyaure a sama da ƙyaure a ƙasa. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ya ɗaga shi, ko a zubar ya sauke shi. Ruwan yana shiga ko fita ta wasu kafofi da alluna ke toshewa, kai kuma da hannun murɗawa kake ɗaga allon. Babu inji, babu lantarki, nauyin ruwa ne kawai da ƙarfinka. Kowace tana cin minti 15 zuwa 20.

In hawa za ka yi, ka tsaya a wurin jira da ke ƙasa, ka sauke mai aiki. Shi zai je ya duba. In ɗakin a cike yake kuma ga jirgi na tahowa daga sama, a bar shi ya fara, ruwansa ne. Zubar da cikakken ɗaki a gaban mai gangarowa rashin ladabi ne kuma asarar dubban galan ne. In babu kowa, ya tabbata ƙyauren sama da allunansa a rufe suke, sannan ya ɗaga allunan ƙasa ruwa ya fita. Ƙyaure ba ya buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Ko bambancin inci biyu ne, ƙato goma ba za su motsa shi ba. In ya daidaita, ka jingina bayanka a gungumen ƙyauren ka tura da ƙafa, ba da hannu ba, sai ka ji ya tafi kamar ba shi ba.

Matuƙi ya shigo a hankali. A rufe ƙyauren ƙasa, a sauke allunansa duka. Sai a koma sama. Mai aiki ya dubi matuƙi, ya jira ya ɗaga masa hannu, sannan ya fara murɗawa, rabi tukuna. In a nan sama akwai allon da ke cikin ƙasa a gefen ɗaki da allon jikin ƙyaure, na cikin ƙasa ake fara ɗagawa. Na jikin ƙyaure sai ruwa ya rufe shi, in ba haka ba zai kwararo cikin goshin jirgi kamar indararo. Ruwan da ke shigowa yakan tura jirgi baya sannan ya fizgo shi gaba da ƙarfi, matuƙi ya riƙa gyarawa da ɗan giya gaba, ɗan ribas. In ya cika, a buɗe ƙyaure, a sauke alluna, jirgi ya fita, a rufe ƙyaure a baya sai fa in wani na jiran shiga.

Gangarowa juyin wannan ne, amma da tarko guda wanda shi ya fi nutsar da jirage. A ƙarƙashin ƙyauren sama akwai dakali na dutse da ya turo cikin ɗakin. In ɗakin a cike yake ba ka ganinsa, sai farin layi da aka shata a bango. Idan gindin jirgi yana bayan layin nan aka fara zubar da ruwa, gindin zai hau dakalin ya zauna, goshi ya ci gaba da sauka, cikin minti ɗaya ruwa ya shiga ta gaba. Saboda haka matuƙi ya tura jirgi gaba da layin, ya riƙa waiwaye har ruwan ya gama sauka. Mai aiki kuma kada ya bar wurin allon, kada ya shiga hira, kada ya ɗauko waya. In wani abu ya yi kamar ba daidai ba, doka ɗaya ce: a sauke alluna duka nan take, sannan a yi tunani. Kuma kada a ɗaure jirgi tamau a turke yayin sauka, zai rataye.

Hannun murɗawa shi ma yana da hali. Kafin ka murɗa, ka tabbata ɗan harshen ƙarfen da ke riƙe haƙora yana kansu. Da ka gama, ka zare hannun ka riƙe. In ka bar shi a jiki harshen ya kuɓuce, zai juya da gudun da ke karya haƙori ko tsintsiyar hannu. Wajen saukewa, ka ɗan ɗaga, ka janye harshen, ka sauke da hannu a hankali, kada ka sake shi ya faɗa.

Ranar farko da na yi wannan aiki, ƙanina na kan gungume yana turawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ce, "Yaya, wallahi wannan ƙyauren an kulle shi." Wani dattijo da ke wucewa ya nuna mana allon sama da wanda ya riga mu ya bari a ɗage da ɗan kaɗan. Muna zubarwa ta ƙasa, ruwa na shigowa ta sama. Tun daga ranar nake duba kowane allo da idona ko da na ga kamar a rufe yake.

A Grindley Brook, kusa da Whitchurch, akwai matakala shida, uku na sama a manne suke, ƙyauren saman wannan shi ne ƙyauren ƙasan wancan. Ruwan ɗaya ake juyewa cikin na ƙasa da shi. Mai hawa yana bukatar na ƙasa babu ruwa, na tsakiya da na sama a cike. Mai sauka yana bukatar na sama a cike, sauran biyun a sauke. A lokacin bazara akan sami ma'aikaci a wurin yana tsara jirage, uku su hau, uku su sauka. Ka neme shi ka gaya masa ka iso, ka bi abin da ya ce. Bayan nan za ka yi kusan mil 20 ba matakala, sai biyun New Marton, su ne na ƙarshe.

Gadojin ɗagawa, irin na Wrenbury da na wajen Whixall, aikinsu kaɗan ne. Mai aiki ya sauka, ya murɗa ko ya sa makulli, gada ta ɗaga, jirgi ya wuce, a mayar da ita yadda aka same ta.

Kwana da ɗaure jirgi

Kamfanonin haya ba su yarda a yi tafiyar dare ba, don haka ka fara neman wurin kwana tun da sauran rana. Kusan ko'ina a gefen hanyar doki halal ne kuma kyauta, ɗaya gefen yawanci gonar wani ce. Ban da bakin matakala, ban da bakin famfo, ban da kan kwana, ban da ƙarƙashin gada, ban da majuya, wato inda aka faɗaɗa ruwa don juya jirgi. Ka nufi gaɓa a karkace a hankali, in goshi ya kusa, ka tura sanda wajen gaɓa don gindi ya matso, ka sa ribas. Mutum ɗaya ya taka ƙasa, ba tsalle ba, da igiyar tsakiya a hannu. Sai a ɗaure gaba da baya, kowace igiya a karkace take fita daga jirgi, a kafa turke nesa kaɗan da bakin ruwa. Kada igiya ta gitta hanyar doki, masu keke na wucewa da asuba. Ka ɗaura farar leda a kan turken don kada wani ya yi tuntuɓe.

Ƙa'ida ta hana kunna inji a tsaye daga 8 na dare zuwa 8 na safe. Wutar jirgi daga batir take, batir kuma inji ke cika shi, haka ruwan zafi. Wanka bayan an tsaya da yamma ya fi na asuba.

Salla a ciki tana yiwuwa in an naɗe tebur, mutum ɗaya bayan ɗaya. In babu ruwan sama, ciyawar gefen hanya ta fi. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, amma kanal tana murɗawa, kowace tsayawa sai ka sake dubawa, kuma jikin jirgin ƙarfe ne, yana rikita kamfas, ka fita waje ka duba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare. Alwala da ruwan famfon jirgi, ba na kanal ba: akwai cutar da fitsarin ɓera ke sawa a ruwan, tana shiga ta rauni. Ka wanke hannu bayan taɓa igiya, kafin cin abinci.

Aikin kowace safiya

Kafin ka tayar da inji, ka duba mai da ruwa. Ka zare makulli ka sa a aljihunka, sannan ka buɗe akwatin farfela, ka zura hannu cikin ruwan sanyi ka cire leda da igiya da ciyawar da suka naɗe. Ka mayar da murfin ka ɗaure shi tamau, domin in ya yi sako-sako farfela za ta watso ruwa cikin ɗakin inji har jirgi ya nutse ta baya. Da yamma ka murɗa ɗan famfon giris da ke hana ruwa ɗiga ta sandar farfela. Ka cika tankin ruwa kullum ko bayan kwana biyu, taswira na nuna famfuna, cikawar takan ci rabin awa. Shara ma tana da wurarenta.

In mutum ya faɗa ruwa, abu na farko a sa firi, farfela ita ce mai kisa. Yawancin kanal bai wuce ƙugu ko ƙirji ba, ka ce masa ya miƙe tsaye ya taka zuwa gaɓa. A cikin matakala lamarin daban ne: a sauke alluna, a kashe inji, a jefa masa tayar ceto mai yawo a kan ruwa, ya nufi tsanin da ke jikin bango.

Daga Chirk zuwa Llangollen

Mil 11 na ƙarshe su UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2009, kuma su ne dalilin zuwan yawancin mutane. Za ka fara da gadar ruwa ta Chirk, wato gadar da kanal ɗin kanta ke bi ta kai, wadda aka gama a 1801, tsayinta mita 21 a kan kogin Ceiriog. Ka hau ta kana Ingila, ka sauka kana Wales. Tana ƙarewa sai bakin rami mai tsawon mita 421 a ƙarƙashin tudu. Jirgi ɗaya yake ɗauka. Ka leƙa, in ka hango fitila na tahowa ka jira. In babu, ka kunna fitilar gaba da fitilun ciki, ka kashe murhu, ka danna oda sau ɗaya mai tsawo, kowa ya shigar da kai da hannu. Ruwan da ke gangarowa zai sa ka ji kamar jirgin ba ya motsi. Yana motsi. Ka sa hula, rufin yana ɗiga. Akwai wani gajeren ramin a gaba, sai gadar ɗagawa ta Froncysyllte.

Daga nan sai gadar ruwa ta Pontcysyllte, aikin injiniyoyi Thomas Telford da William Jessop, da aka buɗe a 1805. Kwami ne na ƙarfe mai tsawon mita 307, a ɗore kan ginshiƙan dutse, mita 38 sama da kogin Dee. Gefe guda akwai hanyar doki da shinge. Ɗaya gefen babu komai, bakin kwamin bai fi 'yan inci sama da ruwa ba, daga inda kake tsaye sai sarari da kan itatuwa a can ƙasa. Tuƙin kansa ba wuya, kwamin ya riƙe jirgin, ba inda zai je. Ka tabbata babu mai tahowa, yara su shiga ciki, kowa ya sauka daga rufi, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa ta ɓangaren shinge. Wanda jiri ke ɗiba ya sauka ya taka a ƙafa, ko ya zauna a ciki ya ja labule. Matata ta zaɓi labule, tana ta salati har muka ƙetare, sannan a dawowa ita ta karɓi sandar.

Kana sauka, a Trevor, akwai kwana mai tsanani zuwa hagu ta ƙarƙashin gada. Ka danna oda, ka shiga a hankali. Mil huɗu da rabi da suka rage ruwan ba zurfi, kuma akwai wurare da aka sassaƙa a jikin dutse inda jirage biyu ba sa giftawa, ba ka kuma hango ƙarshensu. Ka tura mutum gaba a ƙafa da waya ya tsayar da mai tahowa ko ya ce ka jira. A Llangollen akwai matsaya ta kuɗi, kwana biyu ake yarda. Jirgi mai inji nan ya tsaya. Sauran kusan mil biyu zuwa Horseshoe Falls, inda ake ɗebo ruwan daga kogi, a ƙafa ake zuwa, ko a jirgin da doki ke ja har yau don baƙi.

Wajen juyawa, ka cusa goshi cikin faɗin majuya, ka tura sanda har ƙarshe, ka ba da wuta gaba kaɗan, ribas kaɗan, gindin ya zagayo. Goshi ne ke shiga taɓo, ba farfela ba.

Ka juya da zarar rabin kwanakinka sun cika, ko ka kai inda ka yi niyya ko ba ka kai ba. Ana mayar da jirgi da safe, yawanci wajen ƙarfe tara, kuma akan ci tarar wanda ya makara. A daren ƙarshe ka kwana inda bai fi rabin awa da kamfani ba, babu matakala a tsakaninku. Ku haɗa jakunkuna tun da dare, ku wanke kwanuka, ku share ƙasa, ka ƙirga turaku da guduma da hannayen murɗawa. In ɗaya ya faɗa ruwa a hanya, kamar yadda namu ya yi a New Marton, ka faɗa da bakinka kafin su ƙirga.